Wa ke Cewa Harshe Ya Isa a Ba Shi Lamba?

Duk wanda ya taɓa buɗe Wikipedia ta Hausa ya ga haruffa biyu a farkon adireshinta, "ha". Ta Larabci "ar" ce, ta Faransanci "fr". Ba masu shafin ne suka zaɓe su da son ransu ba. Daga wani kundi aka ɗauko su mai suna ISO 639, na hukumar daidaita ma'auni ta duniya da ke Janeba. Da waɗannan haruffa waya take sanin harshen da za ta nuna wa mai ita, da su ɗakin karatu yake ware littattafai, da su manhajar fassara take gane daga ina za ta juya magana zuwa ina. Ba a cika lura da su ba, sai ranar da wata al'umma ta nemi a yanka wa harshenta lamba aka ce mata a'a. Ranar ake tuna cewa mutane ne ke riƙe da kundin, kuma suna da abin da suke aunawa da shi.

Kundin ba jeri ɗaya ba ne, kuma kowane jeri da buƙatar da ta haife shi. Mafi tsufa shi ne na haruffa biyu-biyu, wanda asalinsa ya koma 1967, aka sabunta shi a 1988, aka sake a 2002. Masu tsara kalmomin fannoni da masu ƙamus aka yi wa shi, kuma cibiyar Infoterm da ke Biyana a ƙasar Austiriya ce ta daɗe tana kula da shi. Haruffa 26 in aka haɗa su biyu-biyu ba za su wuce 676 ba, alhali harsunan duniya sun kai 7,000. Tun farko ke nan an san wurin ba zai ishi kowa ba. Harsuna 180 da 'yan kai ne suka samu shiga. Ba yawan masu magana kaɗai aka duba ba, an duba ko harshen yana da littattafan fannoni, da kalmomin kimiyya da aka tsara, da wata hukuma da ke tsaya masa. Shi ya sa Esperanto da Volapük, harsunan da wasu mutane suka zauna suka ƙirƙira a Turai a ƙarni na 19, suke da "eo" da "vo", amma Sebuwano da miliyoyin mutane ke magana da shi a Filifin ba shi da haruffa biyu, haka ma harshen Kanton na kudancin Sin da Hong Kong.

Jeri na biyu na haruffa uku-uku ne, ya fito a 1998, kuma masu ɗakin karatu ne suka fi buƙatarsa. Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ne ya riƙe shi, daga lambobin da ake jera littattafai da su a can aka gina shi. Sharaɗinsa a fili yake: a kawo shaidar cewa wata cibiya tana ajiye da ayyuka 50 daban-daban a cikin harshen, ko kuwa cibiyoyi 5 da in an haɗa abin da ke hannunsu zai kai 50. Abin da ya dame su shi ne, akwai abin da za a jera a kan kanta? In akwai, to yana buƙatar alama. Wannan jerin ya zo da tabo tun daga haihuwa. Masu littattafai sun saba da "ger" a matsayin Jamusanci, masu kalmomin fannoni suna son "deu", kowa ya ƙi sakin nasa, sai aka bar duka biyun. Har yau harsuna 20 ne ke yawo da lamba biyu-biyu a wannan jeri, kuma duk mai rubuta manhaja sai ya yi tanadinsu.

Na uku shi ne mai babban buri. Ya fito a 2007 da niyyar bai wa kowane harshe na ɗan Adam lamba, rayayye da matacce, har da harsunan kurame na nuni da hannu. Ƙungiyar SIL mai hedikwata a Dalas ta Amurka aka damƙa wa, ita kuma ta ɗauko yawancin jerin daga kundinta na harsunan duniya mai suna Ethnologue, bugu na 15 na 2005. Lambobin da ke cikinsa yanzu sun kusa 8,000, wurin kuwa zai ɗauki 17,576. A 2023 an tattara jerin duka a ƙarƙashin takarda guda, amma bambancin manufarsu yana nan.

To tunda wuri ya wadata a jeri na uku, me zai hana duk wanda ya nema a ba shi?

A nan gizo ke saƙar. Ƙa'idar da aka rubuta wa wannan jeri tana da ƙafa uku. Ta farko ta ce in masu magana da nau'i biyu suna fahimtar juna ba tare da ɗaya ya koyi na ɗaya ba, harshe guda ne. Ta biyu ta ce ko da fahimtar ta yi rauni, in suna da adabi guda ko suna ɗaukar kansu al'umma guda, ana iya barinsu a haɗe. Ta uku ta ce ko da suna fahimtar juna sarai, in kowanne ya daɗe da kafuwa a kan cewa shi daban ne, ana iya raba su. Mai karatu da idon basira zai ga cewa ta biyu da ta uku kowacce tana iya kayar da ta farko, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Ban ga laifin waɗanda suka rubuta ta ba, haka duniyar take. Ko ita fahimtar junan ba abu ba ne mai iyaka kamar katanga. Akwai wuraren da ƙauye yake jin maganar na kusa da shi, shi ma yana jin na gaba, a haka har a yi nisa, na farko da na ƙarshe ba sa jin juna ko kaɗan, kuma babu wani wuri a tsakani da za ka tsaya ka ce a nan harshe ya sauya. Wani lokaci ma fahimtar ta ɓangare guda ce, ƙananan al'umma suna jin maganar manya don rediyo da makaranta, manyan ba sa jin tasu.

Dubi abin da ya faru a tsohuwar Yugoslabiya. Da can akwai wata lamba, "sh", ta harshen da Sabiyawa da Kuroshiyawa suka yi tarayya a kai. Ƙasar ta wargaje, aka jingine wannan lamba, Sabiyanci yana da "sr", Kuroshiyanci "hr", Bosniyanci "bs". Mutumin Belgired da na Zagreb da na Sarayebo za su kwana suna hira ba tafinta, amma gwamnatoci uku, manhajojin makaranta uku, hukumomin harshe daban-daban. Sai Montenegro ta samu 'yancin kai a 2006, tsarin mulkinta na 2007 ya ce harshen ƙasa Montenegranci ne, aka kuma ƙara wa rubutunsa haruffa biyu da Sabiyanci ba shi da su. Ɗakin karatu na ƙasar da ke birnin Cetinje ya nemi lamba. Aka yi ta kai ruwa rana shekara da shekaru, kwamitin da ke yanka lambobin yana ganin wannan ai wani nau'in Sabiyanci ne. Sai a Disambar 2017 aka amince da "cnr". Babu wani abu da ya sauya a bakin mutanen ƙasar tsakanin shekarun ƙin yarda da ranar yarda. Abin da ya sauya shi ne littattafai sun taru waɗanda masu su suka rubuta a jikinsu cewa da Montenegranci aka yi su, kuma ma'aikacin ɗakin karatu yana buƙatar abin da zai jera su da shi.

Akasin haka ya faru a Moldoba. Zamanin Tarayyar Sobiyet an ce harshensu daban yake da Romaniyanci, ana rubuta shi da haruffan Rasha, kuma ya samu "mo". A 2008 aka jingine lambar aka ce a yi amfani da "ro", tunda harshen rubutu ɗaya ne. Majalisar dokokin ƙasar ita kanta sai a 2023 ta gyara dokokinta suka koma cewa Romaniyanci. Haka kuma a 2023 aka haɗe Larabcin Sham na kudu da na arewa, waɗanda da suke da lamba biyu, suka koma "apc", bayan an kawo hujjar cewa layin da ya raba su bai da tushe mai ƙarfi a maganar mutane.

Ita Larabci gaba ɗaya wata dabara aka yi mata. Ɗan Maroko da ɗan Iraƙi in kowa ya saki jiki da maganar gida sai sun sha wuya kafin su fahimci juna, amma duka biyun za su ce maka Larabci suke yi, kuma littafi ɗaya suke karantawa. Sai aka ƙirƙiro lambar gamayya: "ara" ta zama uwa, a ƙarƙashinta akwai kusan 30, daga "arb" na daidaitaccen Larabci zuwa "arz" na Masar da "ary" na Maroko. Haka aka yi wa Sinanci, haka aka yi wa Fulfulde mai lambobi 9 a ƙarƙashin "ful". Masana da yawa ba sa son wannan dabara, suna cewa ba ta da gindin zama a ilimin harshe, sulhu ne kawai aka yi tsakanin jeri na biyu da na uku. Gaskiyarsu. Amma sulhun yana aiki, wanda yake son faɗi ya ɗauki uwar, wanda yake son takamaimai ya ɗauki 'yar.

Abin da ya sa ake jan ƙafa, a ganina, ya fi wannan muhawara ta mene ne harshe. Lamba zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Da zarar an sanar da ita, sai ta shiga katin littafi, ta shiga rumbun bayanai, ta shiga cikin manhajojin da masu rubuta su wasu ma sun bar duniya. A 1989 aka sauya lambar Ibrananci daga "iw" zuwa "he", ta harshen Indunusiya daga "in" zuwa "id", ta Yidish daga "ji" zuwa "yi". Gyara ne mai kyau a takarda. Amma harshen shirya manhaja na Java ya ci gaba da amfani da tsofaffin a cikinsa har 2021, shekara 32 ke nan, don tsoron kada gyaran ya karya abin da mutane suka riga suka gina. A ɓangaren lambobin ƙasashe ma an taɓa yin abin da ya fi wannan muni: "CS" ta Cekoslobakiya ce, ƙasar ta rabu a 1993, sai a 2003 aka ɗauki lambar aka bai wa Sabiya da Montenegro. Duk tsohon bayani mai ɗauke da "CS" ya zama mai fuska biyu. Daga irin wannan ne masu lambobin harsuna suka tsaya a kan cewa lambar da aka yi wa ritaya ba a sake bai wa wani harshe ita.

Wannan tsoro ne ya kusa rufe ƙofar jerin haruffa biyu. Ƙa'idar intanet ta ce in harshe yana da lamba mai haruffa biyu a yi amfani da ita, in babu a ɗauki mai uku. Harshen Hawai, alal misali, "haw" yake da ita, kuma da ita aka yi wa dukan abin da ke intanet a harshen alama. Da za a wayi gari a ba shi haruffa biyu, sai abu ɗaya ya zama da suna biyu, mai nema ya sami rabi ya rasa rabi. Saboda haka aka yanke cewa harshen da ya riga ya samu uku ba za a ƙara masa biyu ba. Montenegranci ma uku kawai ya samu.

Raba harshe gida biyu ya fi ƙara sabo tsada. In aka gano wani harshe a wani kwari da babu wanda ya taɓa rubuta shi, ba shi lamba ba ya cutar da kowa. Amma in aka ce abin da ake ɗauka ɗaya ashe biyu ne, galibi tsohuwar lambar ritaya take yi, a yanka sababbi. To duk faifan sauti da duk takardar da aka ajiye da tsohuwar, wa zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya tantance wanne na wane ne? Sau da yawa babu. Wani lokaci akan kauce wa hakan ta hanyar mayar da tsohuwar lambar ta gamayya, kamar yadda aka yi wa harshen Istoniya lokacin da Võro na kudancin ƙasar ya samu tasa.

Kuma yawancin masu neman sabuwar lamba ba ita suke buƙata ba. Akwai wata ƙa'ida ta intanet, BCP 47, wadda ta samo asali a 1995 aka kuma sabunta ta na baya-bayan nan a 2009, da ke ba da dama a jona wa lambar harshe ƙarin bayani. In rubutu ne ya bambanta, "ha-Arab" Hausa ce da ajami, "sr-Latn" Sabiyanci ne da boko. In ƙasa ce, "pt-BR" Fotugisancin Birazil ne. In ƙa'idar rubutu ce, Jamusanci yana da "de-1901" da "de-1996", tsohon tsari da sabo. Mutanen yankin Balensiya a Sifaniya, waɗanda wasunsu ba sa son a ce harshensu Katalanci ne, "ca-valencia" suka samu, kuma an ƙara sunan nasu kusa da na Katalanci a cikin kundin. Rajistar irin wannan ƙari ba ta da nauyi, takarda ce ake cikawa a bar ta mako biyu a bainar jama'a a yi muhawara a kai. Wanda kuma aikinsa na cikin gida ne, an ware masa lambobi 520, daga "qaa" zuwa "qtz", ya yi yadda ya ga dama da su, ba za a taɓa bai wa wani harshe su ba. Abin da bai kamata ba shi ne mutum ya ƙirƙiri tasa a wajen wannan fili. Wikipedia ta harshen Alemanik na Suwizalan da kudancin Jamus ta ɗauki "als" tun kafin jeri na uku ya fito, da ya fito sai ga "als" ta zama ta Albaniyancin Tosk. Har yau adireshin yana ɗauke da lambar wasu.

Da zancen ya tsaya a nan, da sai a ce kwamiti ya riƙa tura kowa wajen ƙarin bayani a huta. Amma tsugune ba ta ƙare ba. Masu kundin suna nanata cewa lamba alama ce ta aiki, ba takardar shaidar daraja ba ce. Duniya kuwa ta riga ta mayar da ita takardar shaida. Gidauniyar Wikimedia ta sa lambar ISO 639 a cikin sharuɗɗan buɗe sabuwar Wikipedia. Kamfanonin waya da na manhaja daga wannan kundi suke ɗaukar jerin harsunansu. Masu tattara rubutu da sauti don koya wa na'ura harshe da waɗannan lambobi suke ware abin da suka tara. Harshen da ba shi da lamba, ko dai a zuba nasa a cikin na maƙwabcinsa mai ƙarfi, ko a bar shi a waje.

Armeniyancin Yamma ya nuna wannan sosai. Harshen Armeniyawan da suka watsu ne bayan kisan ƙare dangi na 1915, a Labanan da Siriya da Faransa da Amurka, kuma ya bambanta da na ƙasar Armeniya a furuci da nahawu da ƙa'idar rubutu. Yana da adabinsa da jaridunsa da makarantunsa, amma kafin 2018 lamba ɗaya yake ci da na Gabas, sai ɗan ƙarin bayani a gefe. Abin da hakan ya jawo shi ne a shafi ɗaya ake cakuɗa su, kuma na Gabas mai gwamnati a bayansa shi ke rinjaye. A 2018 ya samu "hyw", a 2019 aka buɗe Wikipedia tasa. Ga wurin da ƙarin bayani ya gaza, lamba ta yi aiki. Haka Elfdaliyanci, da 'yan dubbai ke magana da shi a wani yanki na Suwidin, ya samu "ovd" a 2016 duk da gwamnatin ƙasar tana ɗaukarsa karin harshe, kuma masu fafutukarsa suna kafa hujja da lambar. Kwamiti zai iya cewa shi ba ruwansa da siyasa, amma hukuncinsa yana shiga siyasa ko ya so ko bai so ba.

Ni dai inda na tsaya shi ne, tambayar "harshe ne ko karin harshe?" ba ita ya kamata ta zo farko ba, don sau da yawa ba ta da amsa. Ta farko ita ce: akwai abin da aka rubuta ko aka naɗa a wannan nau'i wanda haɗa shi da na wani yake ɓata wa mai nema aiki? In makaho ya sa manhajar karanta rubutu da murya, za ta karanta masa shirme saboda ta ɗauka ɗaya harshen ne? In ɗalibi ya nemi littafi, za a miƙo masa wanda ba zai iya karantawa ba? In amsar e ce, kuma jona ƙarin bayani bai magance ba, jinkiri zalunci ne. In kuwa hujjar kawai ita ce maƙwabta sun samu mu ma a ba mu, to gara a jira. Kuma masu harshen su ne ya kamata a fara ji. An daɗe ana sukar jeri na uku da cewa ya gaji son rarrabawa daga Ethnologue, tunda SIL ƙungiya ce ta Kirista da aikinta ke da alaƙa da fassarar Littafi Mai Tsarki, kuma wanda ke tambayar ko waɗannan mutane suna buƙatar fassara tasu daban ya fi saurin ganin harsuna biyu a inda wani zai ga ɗaya. Masana uku, Stephen Morey da Mark Post da Victor Friedman, sun yi wa tsarin suka mai zafi a 2013, har suka nuna cewa wasu lambobin daga sunayen raini aka ciro su, kamar "jnj" ta harshen Yemsa na Habasha. Ita ma "arn" ta Mapucawan Cile daga sunan da Sifaniyawa suka laƙaba musu ta fito. Suna a kundin ana iya gyarawa, haruffan kuwa sun zauna, saboda dalilin nan dai na tsoron karya abin da aka gina.

Ƙirƙirarrun harsuna kuma lokaci ne alƙalinsu. Toki Pona, ɗan ƙaramin harshe da Sonja Lang ta fitar a 2001, an nema masa lamba sau biyu ana ƙi, sai a 2022 ya samu "tok", bayan ya tabbata cewa akwai jama'a da ke rubutu da hira da shi, ba mai shi kaɗai ba. Europanto kuwa, wanda wani tafinta ɗan Italiya ya haɗa don raha ta hanyar cakuɗa harsunan Turai, ya samu shiga jeri na uku tun farko da "eur", sai a 2009 aka cire shi da hujjar cewa babu wani harshe mai wannan suna. Haruffan uku sun tafi ke nan, ba mai sake amfani da su.

An taɓa gwada bai wa kowa nasa. A 2009 aka fitar da wani jeri na haruffa huɗu-huɗu, ISO 639-6, da nufin ya ƙunshi kowane karin harshe da kowane salon rubutu da na magana. Bai samu masu amfani da shi ba, ISO ta janye shi a 2014. Masu bincike da ke buƙatar irin wannan zurfi yanzu Glottolog suke zuwa, wani kundi da ke da alaƙa da cibiyar Max Planck ta Jamus, wanda ke bai wa dangin harsuna da harsuna da karin harsuna lambobi, yana kuma sake tsara dangantakarsu duk lokacin da sabon bincike ya fito. Yana iya yin haka cikin sauƙi ne saboda masana ke amfani da shi, ba a gina wayoyi da katunan ɗakin karatu a kansa ba.